Gumakan da Aka Jefa a Kogi Sun Dawo Cikin Wasan Bidiyo

A shekarar 2018 kamfanin Hi-Rez Studios na Amurka ya ƙara sabon gwarzo a wasansa mai suna Smite, wasan da ake tara allolin al'ummomin duniya a fili ɗaya suna gwabzawa: Zeus na Girkawa, Thor na mutanen Sikandinabiya, Ra na Misirawan dauri. Sunan sabon shigowar Chernobog, kuma shi ne na farko da aka ɗauko daga gadon Silafawa. An zana shi ƙato, baƙi wuluk, da ƙahoni da manyan fukafukai, aka yi masa laƙabi da sarkin duhu. Matasa da yawa a duniya a nan suka fara jin sunansa, kuma a nan iliminsu game da shi ya tsaya.

Duk abin da tarihi ya riƙe game da Chernobog bai cika rabin shafi ba. Wani limamin coci Bajamushe mai suna Helmold, mazaunin ƙauyen Bosau a arewacin Jamus, ya rubuta wajen 1170 cewa maƙwabtansa Silafawa sukan zagaya da ƙwaryar sha a lokacin biki, kowa na furta albarka da la'ana a kanta. Ya ce a wurinsu alheri daga wani abin bauta yake fitowa, sharri daga wani, kuma na sharrin shi ake kira Chernobog. Iyakar labarin ke nan. Babu ƙaho, babu fiffike, babu labarin haihuwarsa ko yaƙinsa. Ko sunan na alherin Helmold bai kawo ba. Belobog da ake haɗa shi da shi a yau, marubutan da suka zo ɗaruruwan shekaru daga baya ne suka cike gurbin da shi. Dodon da ya bayyana a Smite ya fi kama da wanda kamfanin Disney ya zana a fim ɗin Fantasia na 1940, yana buɗe fukafukai a kan dutse da tsakar dare, fiye da duk wani abu da wani Basilafe na ƙarni na 12 zai gane.

Ba laifi ba ne mai shirya wasa ya ƙaga abin da babu, sana'arsa ke nan. Abin damuwa shi ne rijiyar da yake ɗebowa. Da yawa daga masu wasannin almara da suka taɓa allolin Silafawa sun tsallake ɗan abin da ya tsira na gaskiya, mai ban al'ajabi ƙwarai, sun koma kan ƙirar Girkawa da ta Hollywood, wani lokaci ma kan littattafan jabu, sannan suka miƙa wa yara a matsayin gadon kakanni. Waɗanda suka yi haƙurin tono kuwa su ne suka fito da wasannin da suka zauna a zukatan mutane.

Silafawa su ne kakannin Rashawa da mutanen Yukren da Belarus, da na Folan da Cek da Sulobakiya, da Sabiyawa da Kuroshiyawa da Bulgeriyawa. Masu magana da harsunansu a yau sun kai kimanin miliyan 300. Yawan nan bai hana labarin addininsu na dā zama gutsattsari ba, kuma dalilin a fili yake: rubutu ya zo musu ne a hannun masu wa'azin Kirista. Cyril da Methodius, 'yan'uwa biyu daga birnin Tasalonika, su suka tsara musu baƙaƙe wajen 863 don a fassara littattafan coci. Duk wanda ya iya riƙe alƙalami a cikinsu, to ya riga ya bar tsohon addini. Girkawa suna da Homer da Hesiod. Mutanen Sikandinabiya sun yi sa'ar Snorri Sturluson, Kirista ɗan ƙasar Aisilan, wanda ya zauna wajen 1220 ya tattara labaran Odin da Thor don kada mawaƙa su manta. Silafawa ba su sami mai yi musu wannan hidima ba. Babu labari ɗaya cikakke, mai farko da ƙarshe, na wani daga allolinsu da ya iso wannan zamani daga bakin masu bauta masa.

Masu ba da shaida duk baƙi ne, ko abokan gaba, ko jikokin da suka sauya addini. Procopius, marubucin daular Rumawan Gabas a ƙarni na 6, ya ce Silafawa na girmama ubangiji guda mai yin walƙiya, suna yanka masa shanu, suna kuma girmama koguna, amma bai faɗi sunansa ba. Bayansa sai sufayen Kiyef, da limaman Jamus masu bin bayan mayaƙa, da wani marubuci ɗan Danmak da ya siffanta haikali bayan mutanensa sun ƙone shi. Mai karatun da ya san cewa labarin Tsumburbura da Barbushe a dutsen Dala ya iso mana ne ta Kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci ɗaruruwan shekaru bayan rushe wurin tsafin, zai gane irin wannan shaida. Tana da daraja ƙwarai, sai dai mai ba da ita ba da idon masu abin yake kallo ba.

Jerin da kowa ke komawa gare shi yana cikin kundin tarihin farko na tsohuwar daular Rus, wanda aka haɗa a Kiyef wajen 1113. Kundin ya ce a 980 Sarki Vladimir ya kafa gumaka a kan wani tudu a wajen fadarsa: Perun na itace, kansa na azurfa, gashin bakinsa na zinariya, sai Khors da Dazhbog da Stribog da Simargl da Mokosh. Shekara 8 kacal suka yi a tsaye. A 988 Vladimir ya karɓi Kiristanci, ya sa aka ɗaure Perun a wutsiyar doki aka ja shi gangare, mutum 12 na jibgarsa da sanduna, masu tsohon addini na kuka, har aka tunkuɗa shi cikin kogin Dnieper. Sarkin ya kuma sa mutane su bi gaɓa, duk inda gunkin ya maƙale su ƙara tura shi, har sai ya wuce inda ruwan ke gudu a kan duwatsu.

Sunaye 6 ke nan, kuma in ban da Perun, kundin bai siffanta ko ɗaya ba a wannan wuri. Stribog ya zama allan iska ne saboda wata tsohuwar waƙar jarumta kan yaƙin Yarima Igor ta danganta iskoki da shi a wuri guda, waƙar da tsohon kwafinta tilo ya ƙone a gobarar Mosko ta 1812. Simargl ya fi kowa duhu: wasu tsofaffin rubuce-rubuce ma sun raba sunan gida biyu kamar na alloli biyu ne. A shekarun 1930 wata masaniyar tarihin zane a Tarayyar Sobiyet, Kamilla Trever, ta kawo hasashen cewa shi ne Simurg na Farisawa, halitta mai kan kare da fukafukai. Hasashe ne na malama, amma a zane-zanen wasanni ya zama kare mai fiffike ba tare da ko shakka ba. Svarog, wanda ake nunawa a matsayin maƙerin sama kuma uban alloli, ba ya cikin jerin Vladimir kwata-kwata. Sunansa ya fito ne a wani ƙarin bayani da mai fassara ya cusa cikin tarihin da aka juyo daga Girkanci, inda ya daidaita shi da Hephaestus, maƙerin allolin Girkawa.

Wasa kuwa ba ya jure giɓi. Mai shirya duniyar almara yana son kowane abin bauta ya zo da aikinsa, da makaminsa, da launinsa, da abokin gabarsa, da irin ƙarfin da zai ba ɗan wasan da ya zaɓe shi. Tsarin ya kafu tun daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da ya fito a Amurka a 1974, inda abokai ke zama suna jefa ƙwayoyi irin na ludo, kowa na taka rawar wani jarumi. A 1980 masu wasan suka buga littafin Deities & Demigods, suka jera allolin Girkawa da Misirawa da Sinawa da Indiyawa da sauransu, kowanne da makin ƙarfinsa da ɓangaren da yake, na kirki ko mugu. Ba a sa Silafawa a littafin ba, amma da ma'auninsa ake auna su har yau. A Thea: The Awakening, wanda ƙaramin kamfanin MuHa Games ya fitar a 2015, ɗan wasa na zaɓar Perun ko Veles ko Mokosh ko Svarog, kowanne da garaɓasar da yake ba ƙauyen da ke ƙarƙashinsa. A duniyar Midgard ta kamfanin Kobold Press, Veles ya zama ƙaton macijin da ya naɗe duniya.

Da an bi wannan hanya, sakamakon kusan ɗaya ne. Perun ya zama Thor da ya sauya hula, Veles ya zama mayaudarin ƙarƙashin ƙasa, su biyun kuma abokan gaba har abada. Wannan gaba tana da asali, amma asalin na zamani ne. A 1974 masana harshe biyu na Mosko, Vyacheslav Ivanov da Vladimir Toporov, suka harhaɗa tatsuniyoyi da waƙoƙin Belarus da na mutanen Baltik da tsofaffin littattafan Indiya, suka fito da ra'ayin cewa ginshiƙin addinin Silafawa shi ne faɗa tsakanin allan tsawa da wani maciji mai sace shanu, wanda suka ce shi ne Veles. Aiki ne na ƙwararru, wasu masana sun karɓa, wasu sun yi jayayya. Tsofaffin takardu dai wani abu dabam suke nunawa. A yarjejeniyoyin da Rus suka ƙulla da Rumawan Gabas a 907 da 971, mayaƙan sun rantse da makamansu da Perun da kuma Volos, wato Veles, allan dabbobi, a numfashi ɗaya. Mutanen da suka san su a raye sun ɗauke su shaidu biyu a kan alkawari guda. Duniyar wasa da za a gina a kan rantsuwa, inda karya alkawari ke jawo wa mutum fushin allan yaƙi da na dukiya a tare, ta fi wani sabon zagayen faɗan haske da duhu armashi, kuma ta fi kusa da abin da aka rubuta.

Babbar asarar ma tana can yamma. A tsibirin Rügen cikin Tekun Baltik, a arewacin Jamus ta yau, akwai wani tsauni mai farin dutse da ya leƙa teku, ana ce masa Arkona. Nan haikalin gunki Svantevit ya tsaya har 1168, shekara 180 bayan Kiyef ta bar tsohon addini. Saxo Grammaticus, marubucin da ya yi wa Bishop Absalon na Danmak hidima, ya bar bayanin wurin dalla-dalla, kuma ubangidan nasa na cikin jagororin yaƙin da ya ci garin. Gunkin na itace ne, ya fi mutum girma nesa ba kusa ba, da kai 4 a kan wuya 4, biyu na duban gaba, biyu na duban baya. A hannun damansa akwai ƙahon sha mai adon ƙarfe, wanda ake cikawa da giya sau ɗaya a shekara.

Ana gobe bikin kaka, babban bokan haikalin, wanda shi kaɗai ke da izinin shiga ciki, yakan ɗauki tsintsiya ya share ɗakin. Ba a yarda ya yi numfashi a ciki ba, don kada numfashin ɗan Adam ya ɓata wurin. In ya ji zai shiɗe sai ya ruga bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya komo ya ci gaba da shara. Washegari, jama'a na tsaye a waje, ya ciro ƙahon ya duba. In giyar bara ta ragu, to baɗi akwai ƙarancin abinci, sai ya umarci mutane su adana hatsi. In tana nan yadda aka zuba ta, kowa ya saki jiki. Daga nan a kawo wata ƙatuwar waina ta zuma, zagayayya, tsayinta ya kusa na mutum. Bokan ya tsaya a bayanta ya tambayi jama'a ko suna ganinsa. In suka ce suna gani, sai ya yi musu fatan baɗi kada su gan shi, wato amfanin gona ya yi albarkar da wainar za ta rufe shi ruf.

Akwai kuma farin dokin Svantevit, wanda boka kaɗai ke hawa da ciyarwa. Wani lokaci akan wayi gari a same shi a barga jiƙe da gumi, ƙafafu duk taɓo, mutane su ce ubangijinsu ne ya hau shi da dare ya je yaƙi da maƙiyansu. In za a fita yaƙi, sai a kafa masu a ƙasa layi 3, a gicciye, a ja dokin ya tsallaka. In ya fara da ƙafar dama a duka ukun, a shiga jirage. In ƙafar hagu ta riga ko sau ɗaya, a fasa. Haikalin na da mahaya 300 nasa na kansa, yana karɓar kashi ɗaya cikin uku na ganima, kuma Helmold ya ce bokan ya fi sarkin tsibirin girma a idon jama'a.

Mai shirya wasa ba ya buƙatar ƙara komai a kan wannan. Ga ɗakin da ba a numfashi a cikinsa, ga ƙahon da ke yanke farashin hatsi, ga dokin da takunsa ke tayar da runduna ko zaunar da ita, ga kuma tambayar da duk mai hankali zai yi: wa ke ciyar da dokin, wa ke horar da ƙafarsa, wa ke shiga ɗakin shi kaɗai da ƙahon? Siyasa da imani da tsoron yunwa duk suna nan a ƙulle wuri ɗaya. Har ƙarshen labarin a shirye yake. Da Sarkin Danmak Valdemar na Ɗaya ya ci garin, aka sare ƙafafun gunkin, aka ɗaura masa igiya aka ja shi waje a gaban masu bauta masa, da yamma kuma masu dafa wa sojoji abinci suka faskara shi suka hura wuta.

Yawan kawuna ma alama ce ta wannan yanki. A wani gari na tsibirin, Saxo ya siffanta Rugievit mai fuska 7 da takubba 8, da Porevit mai kai 5. A Szczecin, cikin Folan ta yau, marubutan tarihin Bishop Otto na Bamberg, wanda ya je wa'azi can a 1124, sun ba da labarin Triglav mai kai 3, an rufe masa idanu da baki da mayafin zinariya don kada ya ga laifin mutane ya yi magana. Abin bautar da aka rufe wa ido don jin ƙan masu bauta masa tunani ne da ba a samu a jerin Girkawa, kuma shi ne irin abin da ke zubewa in aka tilasta wa kowa shiga layin Zeus da 'yan'uwansa.

Cike giɓi da ƙirar Rumawa ya girmi wasan bidiyo da ƙarnuka. Jan Długosz, malamin coci kuma marubucin tarihin Folan da ya rasu a 1480, ya so ƙasarsa ta sami jerin alloli irin na Rum, alhali Folan ta karɓi Kiristanci tun 966. Sai ya jera: Jessa shi ne Jupiter, Lada shi ne Mars, Nyja shi ne Pluto, Marzanna ita ce Ceres. Daga baya masanin harshe Aleksander Brückner ya kafa hujja cewa wasu sunayen amshin waƙoƙin biki ne kawai, limamai suka ji ƙauyawa na rerawa suka ɗauka gumaka ake kira. Masanan da suka biyo baya sun sassauta hukuncinsa a kan wasu sunayen. Lada dai, wanda Długosz ya ba wa yaƙi, yau kyakkyawar mace ce mai kula da soyayya da aure a wasanni da zane-zane.

Długosz ya yi hasashe da kyakkyawar niyya. Wasu kuwa jabu suka ƙera da gangan. A shekarun 1760 wasu ƙananan gumakan tagulla suka bayyana a Neubrandenburg ta Jamus, aka ce an tono su ne a ƙauyen Prillwitz, malamai suka yi ta rubutu a kansu kafin a gano aikin maƙeran garin ne. Mafi illa shi ne Littafin Veles. An ce wani hafsan sojan Rasha ne ya tsinci allunan katako masu tsohon rubutu a 1919, wani ɗan gudun hijira mai suna Yuri Mirolyubov ya kwafe su a Burasels, allunan kuma suka ɓace a 1941. An buga rubutun a wata mujallar 'yan hijirar Rasha a San Francisco a shekarun 1950. Masana harshe, ciki har da Lidiya Zhukovskaya da Oleg Tvorogov, sun nuna cewa harshensa haɗe-haɗe ne da babu wata al'umma da ta taɓa magana da shi a wani zamani. Duk da haka, rabon duniya gida uku, Yav da Prav da Nav, wanda ake ta maimaitawa a intanet da wasanni a matsayin tsohuwar hikimar Silafawa, daga wannan littafi ya fito.

Wani zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya, tunda wasa ne. Amsar tana cikin inda yara ke koyon tarihi a yau. Matashin da ya kwashe makonni cikin duniyar wasa yakan fito da hoto a kansa wanda darasin aji ba ya gogewa cikin sauƙi. Kuma jabun nan ba a banza yake yawo ba. Littafin Veles ya zama abin riƙo ga wasu ƙungiyoyin masu kishin jinsi a Rasha da Yukren. Tambarin kolovrat, ƙafar keke mai hannu 8 da ake sakawa a garkuwoyi da tutocin wasanni a matsayin tsohuwar alamar rana, ana danganta siffarsa ta yanzu da zanen da wani ɗan Folan, Stanisław Jakubowski, ya buga a 1923, kuma ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi ne suka yaɗa shi a shekarun 1990. Mai zanen da ya ɗauko shi daga intanet don ya yi kyau a garkuwa yana iya tallata abin da bai sani ba.

Abin da ya tsira da gaske ya tsira ne a ƙauye. Manyan gumakan sarakuna sun faɗi a rana ɗaya, amma ayyukansu sun koma hannun waliyyan coci. Manoma mabiya cocin Orthodox sun ba Annabi Ilyasu tsawa, suna cewa rugugin hadari ƙarar karusarsa ce a sama. Waliyyi Vlasiy ya gaji kula da shanu. Waliyya Paraskeva, wadda mata ba sa kaɗi ranar Juma'a saboda ita, masana da yawa na ganin inuwar Mokosh a bayanta. A Folan har yau 'yan makaranta kan ɗinka 'yar tsanar Marzanna da ciyawa, ranar 21 ga Maris su kai ta kogi su nutsar, alamar sallamar hunturu. Ƙananan iskokin kuwa ba su taɓa tafiya ba: domovoi mai gadin gida a bayan murhu, leshy mai ɓatar da matafiyi a kurmi, rusalka a bakin ruwa, bannik a ɗakin wanka. Waɗannan, masu tattara al'adu na ƙarni na 19 da na 20 sun rubuta dubban labaransu daga bakin waɗanda suka yarda da su.

Nan masu The Witcher 3 suka ɗebo, kuma shi ya sa wasan ya bambanta. Kamfanin CD Projekt Red na Warso ya fitar da shi a 2015, a kan littattafan Andrzej Sapkowski da suka faro da gajeren labari a 1986, ya kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 50. Tun kafin nan jerin wasan ya zama abin alfaharin ƙasa, har Firaminista Donald Tusk ya ba Shugaba Obama kashi na biyu kyauta a 2011. Abin lura shi ne Perun da Veles ba su da wata rawa a labarin. Manyan addinan duniyar wasan ƙagaggu ne, kuma Sapkowski ya ɗebo daga tatsuniyoyin Yammacin Turai ba tare da jin nauyi ba. Silafancin wasan yana ƙasa, a gonakin hatsi inda fatalwar tsakar rana ke kashe mai yin aiki cikin zafi, a fadamu, a daren da ƙauyawa ke kiran matattunsu su ciyar da su.

Sashen da 'yan wasa suka fi tunawa shi ne na wani basarake mashayi da ake kira Bloody Baron. Ya doki matarsa mai ciki, cikin ya zube, ya binne jaririyar a ɓoye ba suna. Sai ta tashi ta zama wata mummunar halitta. Ɗan wasa na iya kashe ta da takobi. Yana kuma iya sa uban ya ɗauke ta a hannunsa, cikin dare, ya bi ta tsakiyar gari da ita zuwa bakin ƙofar gidansa, ya roƙi gafararta, ya raɗa mata suna, ya binne ta a ƙarƙashin dokin ƙofa, ta koma mai tsaron gidan. Binne jaririn da ya zo ba rai a ƙarƙashin dokin ƙofa al'ada ce da aka rubuta a ƙauyukan Silafawa, haka ma tsoron yaron da ya mutu ba suna. Marubutan wasan sun ƙara nasu, sun sauya, sun haɗa abubuwan da dā ba a haɗe suke ba. Amma ƙagen ya tsiro ne daga baƙin cikin da iyaye na gaske suka sani, shi ya sa yake taɓa zuciyar wanda bai taɓa jin sunan Folan ba.

Black Book, na ƙaramin kamfanin Morteshka da ke birnin Perm kusa da tsaunukan Ural, ya ma fi zurfi. Ya fito a 2021, labarinsa a yankin Cherdyn a 1879: budurwa Vasilisa ta rasa saurayinta, ta karɓi tsafi don ta dawo da shi. Masu wasan sun yi aiki da masana al'adun yankin, suka gina shi a kan labaran da ƙauyawa ke bayarwa a matsayin abin da ya faru da su ko da maƙwabcinsu. A imanin mutanen wurin, matsafi na da ƙananan shaiɗanu da ke damunsa ya ba su aiki, in ya ƙi su juyo kansa. Wasan ya mai da wannan doka: ko Vasilisa ta tura su ɓarna a gonaki da gidajen mutane zunubinta ya ƙaru, ko ta riƙe su ta sha wuya. Addu'ar coci da surkulle suna tafiya tare a bakin mutanen, yadda suke a ƙauyukan lokacin. A ciki kuma akwai kundin bayani da ɗan wasa ke buɗewa ya karanta asalin abin da ya gamu da shi.

Wannan kundin shi ne abin da ya kamata sauran su kwaikwaya, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Kusan kowane wasan almara na da shafukan da ke bayanin dodanni da alloli. Ƙarin layi ɗaya a ƙasan kowane ya isa: wannan daga Saxo ne, wannan hasashen masanan 1974 ne, wannan daga bakin manoman Perm, wannan kuwa mu muka ƙaga. Kamfanin Ubisoft ya yi irin haka a 2018, da ya ƙara wa Assassin's Creed Origins sashen yawon buɗe ido a tsohuwar Masar, inda a wasu wurare ya faɗa wa ɗan wasa cewa masu zane sun kauce wa tarihi da gangan, ya kuma faɗi dalili. Hakan bai rage wa wasan kasuwa ba, malamai ma suka shiga da shi aji. Mai son sa kare mai fiffike ya kira shi Simargl, ya sa, ya rubuta cewa shawarar wata malama ce a shekarun 1930. Wanda kuma ya ga Yav da Prav da Nav sun dace da taswirar duniyarsa, ya rubuta a ƙasa cewa an fara buga su ne a San Francisco a shekarun 1950.